Gyaran Keke: Ina Naka Ya Tsaya, Ina Na Mai Gyara Ya Fara?

Tun daga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, kekuna da yawa waɗanda aka jingine a zaure da bayan rumbu sun sake fitowa kan hanya. Manomin da a da yake hawan babur zuwa gona ya koma taka feda. Malamin makaranta ya kakkaɓe ƙurar tsohon kekensa. Iyayen da suka gaji da ba yara kuɗin mota kullum sun ga gara a sayi keke guda a huta. To, da kekuna suka yawaita, sai wata tsohuwar gardama ta sake tashi a majalisa da bakin kasuwa: shin mutum ya riƙa gyara kekensa da kansa, ko kuwa ya miƙa wa mai gyara ya sakankance?

Akwai mai keken da ko iska ce ta ragu a taya, sai ya tura shi har gindin bishiyar mai gyara. Ranar da ƙaya ta soke shi a daji, tsakanin gari da gari, ga buhu a kariya, ga rana ta yi ƙasa, sai dai ya ja keken da ƙafa. Akwai kuma wanda ya rantse babu mai taɓa masa keke, wai duk masu gyara macuta ne. Shi ne za ka tarar ya kwance ƙafar baya a tsakar gida da guduma da filaya, boris ya watse cikin rairayi, kaji suna tono a kai. Dukkansu biyu asara suke yi. Aikin keke kashi biyu ne. Akwai na mai keke, wanda bai kamata ya biya kowa ya yi masa ba. Akwai na mai gyara, wanda yake bukatar kayan aiki da hannun da ya saba. Mutumin da ya san nasa kashin shi ne yake iya gane mai gyara na ƙwarai, har ya ba shi amana hankali kwance.

Irin keken da muke hawa

Babban keken nan baƙi mai birkin ƙarfe, wanda ya cika ƙauyukanmu, samfurinsa daga Ingila ya fito. Kamfanin Raleigh, wanda muke ce wa Rali, ya fara ƙera kekuna a garin Nottingham tun kafin shekarar 1890, kuma ya taɓa samun masana'antar haɗa kekuna a Kano. Daga baya ƙasar Sin da Indiya suka ɗauki wannan samfuri suka ci gaba da yi, kamar Phoenix da ake ƙerawa a Shanghai, da Hero da ake ƙerawa a Ludhiana. Wannan ya sa kayan wani sukan shiga wani, ko da yake ba duka ba. Shi ya sa kuma mai gyara a ƙaramin ƙauye, da 'yan kayan aikin da ba su cika akwati ba, yake iya kwance keken nan tas ya mayar da shi.

An yi keken ne domin a riƙa gyara shi. Ba kaya ba ne da za a hau har ya mutu a yar. Kusan duk inda yake motsi akwai noti na ƙara ɗauri ko sassautawa. Amma fa ana so a san wane noti ne, kuma wane gefe ake juya shi.

Dubi gefen tayarka, za ka ga lamba a rubuce. A kan irin wannan keke galibi 28 x 1½ ce. Rubuta ta a takarda ka ajiye. Duk ranar da za ka aika a sayo maka taya ko tif, wannan lamba za ka bayar, kada ka ce kawai "ta babban keke".

Iska da faci

Aikin farko na mai keke shi ne iska. Kowace safiya kafin ka hau, matsa taya da babban yatsa. Idan ta lotsa da sauƙi, sa famfo. Mutane da yawa suna zaton taya mai taushi ta fi daɗin hawa. A cikin rairayi mai zurfi gaskiya ne, rage iska kaɗan yana taimakawa. Amma a kan hanya mai tauri, musamman da kaya a baya, taya marar iska ita ce uwar matsaloli. Tana sa feda nauyi, gefen tayar yana tsagewa, kuma da an faɗa rami sai ƙarfen da taya ke zaune a kansa, wato gargaren nan da yara ke garawa idan ya tsufa, ya datse tif ya huda shi. Famfo ba kayan ado ba ne. Wanda bai da shi ya haɗa kuɗi da maƙwabcinsa su saya.

Idan iska tana zurarewa a hankali, kwana ɗaya ko biyu taya ta kwanta, kada ka yi gaggawar cire tif. Fara da bawul. Shafa ɗan yawu a bakinsa. In ka ga kumfa tana tasowa, to laifin na 'yar siririyar robar da ke cikin bawul ne, wadda zafi yake busarwa har ta tsage. Sauya ta aikin minti biyu ne, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sau tari akan yi ta neman huji a tif lafiyayye alhali ga inda ɓarnar take.

Faci kuwa, kowane mai keke ya kamata ya iya shi, har yaran da ke zuwa makaranta, maza da mata. Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce. Ga tsidau a bakin hanya, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ta magarya inda aka yi shinge. Mai gyara yana kasuwa, ƙaya tana daji.

Ba sai ka cire ƙafar keken ba. Kwantar da shi, ka saki sauran iskar, ka ɗaga gefe ɗaya na taya da abin da ba shi da kaifi. Bayan cokali ya fi sukudireba, domin sukudireba yakan tsunkuli tif ya ƙara maka huji na biyu. Zaro tif, ka ba shi iska kaɗan, ka bi shi cikin kwanon ruwa har ka ga inda kumfa ke fita. Idan babu ruwa, kara shi kusa da leɓenka, za ka ji iskar. Tsane wurin ya bushe sarai, ka goge shi da samfefa ko dutse mai kaushi har ƙyallin robar ya tafi. Sannan ka shafa sholisho kaɗan, faɗinsa ya ɗara facin.

A nan ne mafi yawan mutane suke kuskure. Da sun shafa sai su manna faci nan take, sholisho na ɗanye. Irin wannan faci ba ya kai ka gida. Dakata kamar minti biyar, har wurin ya daina ƙyalli. Sa'an nan ka ɗora facin ka danne da ƙarfi, daga tsakiya zuwa gefe. Idan daga tsohon tif ka yanko facin, shi ma a goge shi, a shafa masa, a bar shi ya sha iska, kuma a zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada su ɗago.

Kafin ka mayar da tif, zura yatsa a hankali ka bi cikin taya. Ƙayar da ta yi ɓarnar sau da yawa tana nan a maƙale tana jiran tif ya dawo. Hujin kansa ma yana ba da labari. Huji ɗaya a bayan tif, ƙaya ce ko ƙusa. Huji biyu a jere kamar saran maciji, rashin iska ne, laifinka ne kai mai keke. Huji ta ciki, wajen gargare, alama ce tsinin wata waya ya leƙo, ko robar da ke rufe kawunan wayoyin ta yage. In haka ne, ko faci goma ka yi, sai ka sake na goma sha ɗaya.

Abu guda game da sholisho: a ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Kowa ya san yadda wasu samari suke shaƙarsa su lalata ƙwaƙwalwarsu. Ragowar da ta yi saura a rufe ta da kyau a ɓoye.

Mai, notuna da birki

Sarƙa, wadda wasu ke ce wa cen, tana son mai, amma ba kowane mai ba. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo, su kama ƙura. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe. Sabon man inji ko man keken ɗinki ya fi. Yawan mai kuma ba gwaninta ba ce. Da hunturu, ƙura takan haɗu da man ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta yi ta cin sarƙa da haƙora. Goge sarƙar da tsumma, in ta yi dauɗa ƙwarai ka wanke ta da kananzir ta bushe, ka ɗiga mai kaɗan kaɗan kana juya feda baya, sannan ka sake goge na waje. Man da ya shiga cikin gaɓoɓin shi ne mai aiki. Kiyaye kada mai ko kananzir ya taɓa taya, domin yana cin roba. Kada kuma ya taɓa gargare, domin birki zai daina kamawa.

Sarƙa tana tsufa. Ɗauki tef ɗin tela ka auna. A sabuwar sarƙa, daga ƙusa zuwa ta gaba rabin inci ne, saboda haka tazara 24 inci 12 ce cif. Idan ka ga ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, sarƙar ta gama aiki, kuma tana nan tana cinye haƙoran farantin gaba da na baya. Sauya sarƙa da wuri ya fi sauya su uku gaba ɗaya.

Sau ɗaya a mako, ɗaga keke kaɗan ka sake shi ya dira. Duk abin da ya yi ƙara, bi shi da sifana: sirdi, kariya, notunan ƙafafu, kan keke. Gyara kayanka, in ji masu iya magana, ba ya zama sauke mu raba. Sai dai a yi amfani da sifanar da ta dace da notin. Filaya tana cinye kusurwoyin noti, ranar da ake son kwance shi kuma sai an sa kurfi da guduma.

Feda tana da wani sirri da ya karya wa mutane da yawa keke. Ta dama ana ɗaure ta kamar kowane noti. Ta hagu kuwa zarenta a juye yake, inda kake zaton kana kwancewa, ɗaurewa kake yi. Hanya mai sauƙi ta tunawa: idan hannun sifana yana sama, tura shi wajen gaban keke ɗauri ne, ja shi wajen baya kwancewa ne, ko a dama ko a hagu. A jikin kowace feda akwai harafi, R ta dama, L ta hagu. Wanda ya tilasta wata a gurbin wata ya kashe zaren, sai sayen sabon hannun feda.

Birki kuwa maganar rai ce. Abin takaici ne yadda ake ganin yara a kan gangara suna tsayar da keke da silifas, an cire birkin gaba ɗaya don wai yana gugar ƙafa. Kambun birki ba shi da tsada, kuma mai keke yana iya sauya shi. Abin lura shi ne, gidan da robar ke shiga wani lokaci gefe ɗaya a buɗe yake, ɗaya a toshe. A sa shi yadda juyawar gargare za ta riƙa tura robar wajen da yake a toshe. In aka juya shi, ranar da aka ja birki da ƙarfi robar za ta fice ta bar ka da ƙarfe tsirara. A sani kuma, da damina, gargaren ƙarfe idan ya jiƙe birki ba ya kamawa nan da nan. A fara ja tun daga nesa.

Inda ya kamata ka cire hannunka

Idan birki yana gugar ƙafa a wuri ɗaya duk zagaye, ba birkin ne da laifi ba, ƙafar ce ta karkace. Wannan aikin mai gyara ne. Ƙafar keke wayoyi ne suke riƙe da ita, galibi 36, ko da yake tsofaffin Rali suna da 32 a gaba, 40 a baya. Rabi suna ja dama, rabi suna ja hagu, daidaiton jan ne yake sa gargare ya tsaya sak. Gwani yakan juya ƙafar yana kallo, ya ƙara wa wannan waya rubu'in juyi, ya rage wa waccan, har ta miƙe. Yana da ɗan mabuɗi na musamman domin haka. Wanda bai saba ba sai ya ɗaure waya ɗaya tamau da filaya, karkata ta koma wani wuri, ya bi ta can, kafin la'asar ƙafa ta zama kamar faifan da aka taka. Garin gyaran gira an rasa ido.

Naka a nan shi ne lura. Bi wayoyin da yatsa lokaci lokaci. Idan ɗaya ta tsinke, kada ka lanƙwasa ta a jikin 'yar'uwarta ka ci gaba da ɗaukar buhu. Nauyin da take ɗauka ya koma kan na kusa da ita, su ma za su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Waya ɗaya kuɗinta kaɗan ne. Sabuwar ƙafa kuwa sai an sayar da tiyoyin hatsi.

Na biyu shi ne boris. A cibiyar kowace ƙafa, da gindin feda, da wuyan keke, akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke gudu cikin giris. Ba girmansu ɗaya ba, kuma a ƙidaye suke. A irin babban keken nan galibi akwai 9 a kowane gefe na ƙafar baya, 10 ƙanana a kowane gefe na ƙafar gaba, 11 a kowane gefe na gindin feda. Akwai noti mai tsini da yake danne su. In ya yi sako-sako ƙafa ta riƙa lilo, in ya matse ƙwarai boris ya farfashe ya ƙwaƙule gidansa. Tsakanin biyun nan tazarar ba ta fi kaurin gashi ba, kuma sai da wata siririyar sifana da ba kowa ke da ita ba. Ka iya gwadawa da kanka: ɗaga ƙafa ka girgiza ta gefe da gefe. In ka ji ƙwas-ƙwas, ko ka juya ka ji kamar ana niƙa tsakuwa, lokacin zuwa wurin mai gyara ya yi. Ko babu ƙara, yana da kyau a buɗe a wanke a sa sabon giris sau ɗaya a shekara, bayan damina. Mai ƙetare rafi da keke, gara ya saɓa shi a kafaɗa da ya tura shi cikin ruwa, domin ruwa da yashi su ne ajalin boris.

Na uku ita ce ƙusar nan mai fiƙe a gefe ɗaya, wadda take riƙe hannun feda. Idan ta saki, duk takawa sai ka ji ƙafarka ta zame kaɗan. Mai keke yakan kama ɗan notin da ke jikinta ya yi ta ɗaurewa har zaren ya mutu. Ba notin ne yake shigar da ita ba. Buga ta ake yi ta zauna, bayan an tokare hannun fedar daga ƙasa da ƙarfe ko itace mai ƙwari don kada bugun ya sauka a kan boris, sannan a ɗaure notin ya riƙe. Kuma ta dama da ta hagu dole su kalli gefe daban daban, in ba haka ba fedoji biyu ba za su miƙe a layi ɗaya ba.

Na ƙarshe shi ne jikin keken kansa. In ka ga tsaga a wajen haɗin ƙarafa, ko ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba ya lanƙwashe baya bayan karo, sauka ka tura shi. Ƙarfen da aka miƙar sau biyu sau uku ya riga ya gaji, yana iya karyewa ba sallama, kuma wanda ƙafar gaba ta rabu da shi a guje da fuska yake sauka. Ƙarfen keke bututu ne marar kauri. Waldar lantarki irin ta ƙofa da taga takan ƙone shi ta huda. Mai waldar gas wanda ya saba da keke shi ake nema, mai gyaran kirki kuma zai gaya maka inda yake.

Maganar amana

Ƙorafin masu keke a kan masu gyara sananne ne. An ce an sa sabon boris, ashe tsohon aka wanke aka mayar. An kai keke da tif mai kyau, an dawo da mai faci bakwai. An bar wa yaro ɗan koyo aikin da maigidansa ya karɓi kuɗinsa. "Dawo gobe" ta zama mako guda. Duk waɗannan suna faruwa, ba a musu.

Amma a zauna da masu gyara a ji nasu. Mutum ya hau keke wata shida yana ƙara bai kula ba, sai da ya tsaya cik ya kawo, sannan yana so a gyara da kuɗin faci. Wani ya je kasuwa ya sayo kaya mafi araha, jabu, ya ce a sa masa, bayan mako biyu ya lalace ya zo yana faɗa. Wani ya kwance ya kasa mayarwa, ya kawo tarkacen a leda, rabi ya ɓace, bai kuma faɗi gaskiyar abin da ya yi ba. Ga masu cewa "sai an sayar da amfani", a sayar ɗin kuma su canja hanya. A ganina, wannan bashi da ba a biya shi ne babban abin da yake lalata aikin gyara a ƙauye. Wanda jarinsa bai fi 'yan tif da kwalin boris ba, idan mutum biyar suka riƙe masa kuɗi, da me zai sayo kaya mai kyau?

Gane mai gyara na ƙwarai ba shi da wuya ga wanda ya san kekensa. Kafin ya taɓa sifana yakan juya ƙafa, ya girgiza, ya saurara, ya tambaye ka yaushe abin ya fara. Yakan faɗi kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, tun kafin ya kwance. Yana shimfiɗa tsumma ko faranti ya zuba abin da ya cire, ba ya zubarwa a ƙasa. Ba komai yake bugu da guduma ba. In ya gama yakan hau ya zagaya ya ja birki kafin ya miƙa maka. Babbar alama kuma ita ce wanda zai iya ce maka, "Malam, wannan bai kai sauyawa ba tukuna," ko kuwa, "Wannan ba aikina ba ne, kai wa wane."

Kai ma akwai abin da ya rataya a wuyanka. Faɗi abin da ka ji da abin da ka gani dalla-dalla. "Ƙafar baya tana lilo, kuma tana ƙara idan na ɗauki kaya" ta fi "duba mini shi, ba ya daɗi". Mai gyara yana jin bayani irin na farko ya san da wa yake magana. Idan an sauya wani abu, nemi a ba ka tsohon. Wannan ba zargi ba ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushi. Tsohon tif ma yana da amfani, da shi za ka yanki faci, da shi za ka ɗaure kaya. In kana da sarari, zauna a wurin lokacin da ake aikin. Awa ɗaya a kan bencin mai gyara tana koya wa mutum abin da ba zai taɓa ganewa shi kaɗai a tsakar gida ba, kuma yawancinsu ba sa rowar sani ga wanda ya tambaya da ladabi.

Babban aiki kada a kai shi ranar kasuwa. Duk wanda ya ga rumfar masu gyara a Wudil ranar Juma'a, ko a Maigatari ranar Alhamis, ya san kekuna a jere suke, kowa yana sauri ya koma gida. Ranar ta faci ce da sayen kaya. Gyaran ƙafa da wanke boris a bar su sai ranar da mai gyara yake da natsuwa.

Game da sayen kaya, ko dai ka bar masa ya sayo, alhakin ingancin yana kansa, ko ka sayo da kanka, alhakin yana kanka. In kai za ka saya, tafi da tsohon a aljihu ka gwada da sabon. Sannan ka tsaya wa mutum ɗaya. Mai gyaran da ya san kekenka shekara da shekaru ya san abin da ya sa da abin da ya saura, kuma yana jin kunyar ya cuci wanda gobe za su haɗu a wurin suna ko ɗaurin aure.

Kekunan gwanjo masu giya

Yanzu kasuwanni sun cika da kekunan gwanjo daga Turai da Japan, masu giya da birkin waya. Ba su da nauyi, suna da daɗin hawa, samari suna son su. Amma duk abin da muka faɗa game da kayan wani su shiga wani bai shafe su ba. Tayoyinsu girma daban daban ne, akwai 26, akwai 27, akwai wasu lambobin. Notunansu da yawa rami ne da su mai kusurwa shida, sai da mabuɗinsu na musamman. Na'urar sauya giya da ke rataye a ƙafar baya, da keke ya faɗi ta wannan gefe sai ta lanƙwashe, in aka ci gaba da hawa kuma tana iya shiga cikin wayoyi ta tsinka su. Wasu kuma jikinsu na alminiyam ne, wanda mai waldar ƙauye ba zai iya liƙewa ba idan ya tsage. Kara maganaɗisu a jikin keken: in ya kama, ƙarfe ne, in bai kama ba, ka san abin da kake saye.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin irin wannan keke, karanta lambar tayarsa, ka tambayi mai gyaran garinku ko ana samun irinta kusa, ko kuwa sai an aika birni. In da hali ma ku tafi kasuwar tare, ka biya shi ladan ranarsa, ya juya ƙafafun ya duba wuyan keken da haɗin ƙarafansa kafin a yi ciniki.